Albashin ma'aikacin jinya na kamfani: Tawa, Yamai ko arewa?

"Assalamu alaikum, Yaya. Ni ma'aikacin jinya ne mai diflomar ƙasa, ina aikin kwantiragi a wata cibiyar lafiya ta gwamnati, CSI, a jihar Tawa, ina da mata da yara biyu. Ina son in koma fannin lafiyar ma'aikata, sai ga shi Allah ya buɗe mini ƙofa biyu a lokaci ɗaya. Wani kamfani a Yamai ya ce zai ba ni jaka 210 a wata kafin a cire komai, da rajistar CNSS, asusun fansho da inshorar ma'aikata na ƙasa. Wani kuma mai aikin kwangila a wani shantiye a jihar Agadas ya ce jaka 320 a hannu, ci da kwana nasu, kwantiragin wata shida. Abokaina suna cewa kuɗi a arewa suke, Tawa kuwa babu komai. Shin da gaske kowace jiha da nata albashin? Nawa ya kamata in nema, kuma wanne zan ɗauka?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Allah ya sa albarka a cikin neman. Tambayoyi uku ka ɗaure wuri ɗaya: ko albashin wannan aiki yana bin jiha, nawa ya dace ka nema, sannan wace ƙofa za ka shiga. Ta farkon ita ce uwa, in ta warware sauran biyun ba za su ba mu wahala ba.

Abokanka sun hango wani abu na gaskiya, sai dai sun laƙaba shi ga jiha alhali na mai ɗaukar aiki ne. A ƙasar nan babu jadawalin da ya ce ma'aikacin jinya na kamfani zai karɓi kaza a Agadas, kaza a Tawa. Wanda ya ɗauke ka shi ke yanka maka albashi, kuma masu iya biya da kauri sun taru ne inda arzikin ƙasa yake, wato wurin yuraniyom da man fetur da gawayi da zinariya. Daga nesa sai ka ɗauka jihar ce ke biya. In ka matsa kusa, a shantiye ɗaya za ka tarar da ma'aikatan jinya biyu, makaranta ɗaya suka yi, ɗaki ɗaya suke duba marasa lafiya, ɗaya na babban kamfani ne ɗaya na ɗan kwangila, kuma abin da ke shiga aljihunsu ko kama da juna ba ya yi.

Abin da doka ta shimfiɗa wa kowa

Gurbin namu doka ce ta haife shi. Dokar ƙwadago mai lamba 2012-45 ta ranar 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa kowane mai ɗaukar ma'aikata nauyin kula da lafiyarsu a wurin aiki, kuma nauyin yana ƙaruwa da yawan mutane. Wurin da ma'aikata ba su kai 20 ba, akwatin magani na gaggawa ake nema. Daga 20 zuwa 100 sai an keɓe ɗakin ɗaurin rauni. In sun haura 100, sai ƙaramin asibiti na ma'aikata. Inda suka kai 50 kuma dole a kafa kwamitin tsaro da lafiya a wurin aiki. To ka ga inda babu manyan kamfanoni masu rajista, gurbin ma babu shi, balle a yi maganar albashinsa.

Sauran ginshiƙan duk ɗaya suke daga Gaya har Bilma. Mafi ƙarancin albashi, SMIG, ya tsaya a sefa 30,047 tun 2012, aka ɗaga shi zuwa 42,000 daga Janairun 2024, kuma ba a raba shi jiha-jiha ba. Awa 40 ce satin aiki, abin da ya ɗaru a kai ana biyansa dabam. Hutu kwana biyu da rabi ne a kowane watan aiki. Yarjejeniyar gama-gari tsakanin masu kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago, wadda asalinta ta 1972 ce, ita ke jera ma'aikata rukuni-rukuni, kowane rukuni da ƙasan da ba a sauka ƙarƙashinsa. Manyan kamfanoni kuma suna da tasu yarjejeniyar cikin gida da ke ɗorawa a kan wannan, kuma a nan ne ainihin tazarar take fitowa.

A aikin gwamnati ma haka abin yake. Mai matirikil, wato cikakken ma'aikacin gwamnati mai lamba, a asibitin jihar Tawa da takwaransa na babban asibitin Yamai, in rukuninsu da matakinsu ɗaya ne, tushen albashinsu ɗaya ne. Abin da ke raba su alawus ne, kamar na zama a yankin hamada ko na riƙe wani muƙami. Ku 'yan kwantiragi ba sai na faɗa maka halin da kuke ciki ba, kai ka fi ni sanin ranar da kuɗin wata ke zuwa.

Yadda jihohin suke a ido na

Jihar Agadas ce ta haifi labarin da abokanka ke ji. SOMAIR ta fara fitar da yuraniyom a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akokan a 1978, SONICHAR kuma tana haƙar gawayi kusa da Cirozerin don ba ma'adinan da garuruwan yankin wuta. Kamfanonin yuraniyom sun gina unguwanni na ma'aikatansu da asibitocinsu. Ma'aikacin da kamfanin ya ɗauka da kansa yana da gida, da ruwa da wuta, iyalinsa suna shan magani a asibitin kamfani, don haka albashin yana kwana a aljihu. Adarawa da yawa sun bi hanyar yuraniyom ta Abalak, suka dawo suka gina gidaje a nan Tawa, kuma gidajen nan ne yara ke gani su ce kuɗi a arewa suke. Amma zamani ya juya. COMINAK ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, ma'aikatanta wajen 600 suka tashi, ban da ɗaruruwan ma'aikatan ƙananan kamfanonin kwangila da ke rayuwa a gefenta, waɗanda ba su cikin tsarin sallama irin na ma'aikatan kamfanin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 iyakar Benin ta rufe, fitar da yuraniyom ya gamu da cikas, a Yunin 2024 gwamnati ta karɓe lasisin ma'adinin Imuraren daga kamfanin Faransa Orano, a Yunin 2025 kuma ta mayar da SOMAIR mallakar ƙasa. Har yanzu akwai aiki a arewa, ana kuma buɗe sabon wuri a Dasa, sai dai yawancin guraben da ke zuwa hannun matasa irinka ta hannun 'yan kwangila suke biyowa.

Gabas ita ce ta man fetur. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a 2011 da ƙarfin ganga 20,000 a rana, rijiyoyin suna Agadem a jihar Diffa, bututun da ya kusa kilomita 2,000 kuma ya kai man har Seme a gaɓar tekun Benin, inda aka yi lodin jirgi na farko a Mayun 2024. Aikin can na karɓa-karɓa ne, makonni a daji, makonni a gida, kuma alawus ɗin nisa da na haɗari su ke kumbura lambar. Maganar albashi a wannan fanni ba ɓoyayya ba ce: a Maris 2025 gwamnati ta sallami shugabanni uku 'yan Sin na kamfanonin man, kuma cikin dalilan da ta bayar har da tazarar da ke tsakanin albashin baƙi da na 'yan ƙasa.

Tilaberi tana da zinariyar Samira da aikin madatsar ruwan Kandaji, amma rashin tsaro ya sa aiki yakan tsaya, kuma in shantiye ya tsaya ɗakin magani na cikin na farkon da ake kullewa.

Yamai ta fi kowace jiha yawan kujeru: bankuna, kamfanonin sadarwa, NIGELEC, SONIDEP, otal-otal, masana'antu, ofisoshin ƙungiyoyin agaji. Ta kuma fi kowace jiha yawan masu nema. Ban da ENSP, makarantar lafiya ta gwamnati, makarantun lafiya masu zaman kansu suna yaye ɗalibai duk shekara, kuma yawancinsu ba sa son barin birni. Mai kamfani ya san in ka ƙi, gobe wasu goma za su kawo takardu. Akwai kuma wata dabara da ta yi yawa a can: kamfani ba ya ɗaukar ma'aikacin jinya da kansa, sai ya ƙulla yarjejeniya da wani kilinik, kilinik ɗin ya turo mutum. Kana zaune a ofishi mai sanyi na babban kamfani, kowa na ɗauka ka haye, alhali albashin kilinik kake karɓa. Don haka abu na farko da za ka tambayi mutanen Yamai shi ne sunan wa zai fito a saman takardar albashinka.

Tawa kuwa, ban yarda da cewa babu komai ba. Akwai simintin Malbaza, akwai kamfanonin da ke zuwa aikin hanya, akwai ƙungiyoyin agaji wajen Madawa da Ƙwanni. Guraben kaɗan ne, kuma wanda ya samu ba ya saki, wannan gaskiya ne. Yawancin masu aikin ƙarfi a jiharmu suna wajen rajista: masu feshin maganin ƙwari a gonakin albasar Galmi, masu fasa dutse, masu walda, masu dako a tasha. Su ne suka fi buƙatarmu, kuma babu mai biyan kowa ya duba su, abin yana ci mini rai. Amma ga mai gidan kansa a Tawa, mai gonar da ke kawo hatsi, jaka ɗari ta nan tana yin aikin da ba za ta yi a Yamai ba.

Ƙungiyoyin agaji sun daɗe suna biya fiye da kilinik da gwamnati, sai dai kuɗinsu na aiki ne mai wa'adi. A 2025 kaɗai an ga Amurka ta yanke tallafinta, an kuma umarci ƙungiyar Red Cross ta duniya, CICR, ta bar ƙasar a watan Fabrairu. Mutanen kirki da yawa suka wayi gari babu aiki.

Ka karanta takardar, layi bayan layi

Idan wani ya ce maka "jaka 320", lamba ya ba ka, bai ba ka albashi ba tukuna. Ka ce a nuna maka samfurin takardar albashi. A samanta akwai rukuninka, kuma mai diflomar ƙasa ba ya yarda a jera shi tare da wanda ya yi 'yan watanni yana koyon ɗaurin rauni. Ƙarƙashinsa akwai tushen albashi. Sai alawus: na gida, na sufuri, na haɗari, na nisa, na jiran kira da dare. Sai abin da ake cirewa, sai abin da ya rage.

Tushen nan shi ne abin lura. Masu wayo suna ƙanƙanta shi su kumbura alawus, don alawus yana faɗuwa ranar da aka mayar da kai gari, ko ka kwanta ciwo, kuma kuɗin daɗewa a aiki da na awannin ƙari a kan tushen ake lissafa su. Na sha ganin abokan aiki suna murna da jimillar ƙasa, sai ranar sallama su gane kashi mafi girma na kuɗin nan iska ne.

Sai CNSS. Ana cire maka kashi 5.25 cikin ɗari don fansho, mai kamfani kuma yana zuba kashi 16.4: 6.25 na fansho, 8.4 na alawus ɗin iyali, 1.75 na haɗarin aiki da cututtukan sana'a, a kan albashi har zuwa jaka 500 a wata. A tayin Yamai, in duk jaka 210 ɗin aka bayyana, za a cire maka sefa 11,025, kamfani ya zuba 34,440 da sunanka kowane wata. Wannan kuɗi ba ka ganinsa a hannu, amma shi ne zai tsaya maka in allura mai jini ta soke ka, ko motar aiki ta kife da kai, shi ne kuma fanshonka in ka kai shekara 60. Harajin albashi, ITS, yana hawa da hawan albashi, ana kuma sassauta shi gwargwadon iyalin da ke wuyanka, don haka ka kai takardar aure da ta haihuwar yara tun ranar farko.

Mutanen arewa sun ce maka "a hannu", ba su ambaci CNSS ba. Wannan shirun ne ya fi damuna a cikin wasiƙarka. Doka ba ta ware kwantiragin wata shida daga rajista ba. In sun ce za su yi, ka nemi lambarka, kuma bayan 'yan watanni ka je ofishin CNSS da ƙafarka ka duba ko ana zubawa, don an sha cire wa ma'aikaci kuɗin a takarda ba tare da ya isa can ba.

Mu yi lissafin ƙofofin biyu

Na Yamai, bayan CNSS da haraji, a ce ya rage maka wajen jaka 190. A shekara jaka 2,280 ke nan. Na arewa, jaka 320 sau shida, jaka 1,920. In an sabunta kwantiragin ka yi shekara cur, ka tashi da 3,840, ka bar na Yamai nesa. In ba a sabunta ba, ka zauna wata shida kana bin takardu, to jaka 160 ka ci a wata, ƙasa da na Yamai. Ka ga duk nauyin yana kan tambaya ɗaya: shantiyen nan yaushe zai ƙare, kuma kwangilar da kamfanin ya samu ta wata nawa ce? Wannan direbobi da masu gadi sun fi ofishi faɗin gaskiyarta, ka nemi lambar ɗaya daga cikinsu.

A ɗaya gefen, Yamai tana cin kuɗi. In ka tafi da iyali akwai haya, da wuta da ruwa, da man babur, da makarantar yara, kuma ɗan Adar da ya sauka a birni ba ya rasa baƙi daga gida. In ka bar su a Tawa, tukunya biyu ka ɗora, ga kuɗin mota na kilomita sama da 500 duk lokacin da ka so ganinsu. A ce haya da wuta da zirga-zirga sun ci jaka 70, abin da ya rage bai wuce 120 ba. A shantiye kuwa ci da kwana nasu ne, babu ma inda za ka kashe kuɗin, kusan duka za ka turo gida. Ta wannan fuska tayin arewa yana da ƙarfi ƙwarai, ba zan rage masa ba.

Amma ka raba kuɗin da awanni. Awa 40 a sati ta kama kusan awa 173 a wata, jaka 210 ta ba ka wajen sefa 1,200 a awa. A shantiye in kai kaɗai ne, yini awa 12 ne, Asabar da Lahadi duk ɗaya, dare kuma waya tana gefen matashinka. Awa 360 a wata ta mayar da jaka 320 ƙasa da sefa 900 a awa. In akwai karɓa-karɓa, kuma ana biyan makonnin hutun, kuma su ke kai ka su dawo da kai, lissafin ya gyaru sosai. In kuwa ranar da ka bar shantiye kuɗi ya tsaya, to aikin yini kake yi da sunan albashi.

Akwai abu na uku da ba ka sa a ma'auni ba, wato kujerar da kake kai yanzu. In ka ajiye kwantiragin gwamnati ka fita daga layin masu jiran matirikil. Layin yana da tsawo kuma babu mai ba ka rana, amma mai matirikil ba a sallamarsa don shantiye ya ƙare, banki kuma yana ba shi bashi. Ka tambayi hukumar lafiya ta jiha inda sunanka yake kafin ka rubuta takardar ajiye aiki.

Abin da ake saya da kuɗin

Aikin nan ba irin na CSI ba ne, inda mara lafiya ke zuwa ya same ka. A nan kai ke bin lafiyayye don kada ya zama mara lafiya. Awon shiga aiki, awon shekara-shekara, awon dawowa bayan jinya, zagayen wurin aiki da safe kana duba wanda ya rataye takunkumin ƙura a wuya maimakon hanci, duba ruwan sha da ɗakin girki, rajistar duk wanda ya shigo. A wurin siminti da fasa dutse huhu da kunne kake tsaro. A ma'adinin yuraniyom kowane ma'aikaci yana ɗauke da ɗan ma'aunin da ke ƙirga abin da jikinsa ya sha, kuma akwai iyakar da ba a ƙetarewa a shekara. A watan Afrilu da Mayu kuwa babban abokin gabarka rana ce. Lebura zai shigo da tsakar rana yana tangaɗi, fatarsa da zafi kamar an ɗauko ta daga wuta, maganarsa ta fara rikicewa, likita mafi kusa kuma yana bayan awanni na tafiya. Kai ne za ka cire masa kaya, ka jiƙa shi, ka sa ƙarin ruwa, ka yanke ko a tayar da mota yanzu ko a jira. Alawus ɗin nisa kuɗin wannan kaɗaicin ne. Don haka ka tambaye su tun yanzu: wane likita ne ke bayanka, akwai motar ɗaukar mara lafiya, akwai firji mai aiki, akwai maganin dafin maciji, wa ke sa hannu a fitar da mutum cikin dare.

Sannan akwai wani nauyi da ba a rubutawa a kwantiragi. A wani shantiye da na yi aiki, ƙarfe ya danne wa wani matashi hannu, yatsu biyu suka murƙushe. Ina cikin wanke raunin shugaban wurin ya leƙo, ya ja ni gefe, ya ce a rubuta hutun rashin lafiya kawai, kamfani zai biya magani, a bar maganar a cikin gida. A ƙofar shantiyen akwai allo da ake rubuta yawan kwanakin da aka yi babu haɗari, ba ya son lambar ta koma sifiri. Doka ta ba mai kamfani awa 48 ya sanar da haɗarin aiki. In an sanar, CNSS tana ɗaukar magani, tana biyan kwanakin jinya, in naƙasa ta tabbata kuma akwai diyyar da ke bin mutum. In ba a sanar ba, ranar da shantiye ya tashi yaron nan ya koma ƙauye da hannu ɗaya da rabi, babu takarda ko ɗaya. Na rubuta abin da na gani a rajista, da awa da sunan shaidu, aka kuma sanar. Abin da ya ba ni ƙafar tsayawa a ranar, bayan tsoron Allah, shi ne kwantiragina ba mai wa'adi ba ne. Wanda saura wata biyu a yanke ko za a sabunta masa, kuma mai yankewar shi ne mutumin da ya ja shi gefe, yana cikin jarrabawa mai tsanani. Haka in aka ce ka faɗi wa ke da ciwon kaza a cikin ma'aikata. Abin da mai kamfani ke da haƙƙin sani shi ne mutum ya dace da aikin ko bai dace ba, sirrin ciwonsa kuwa amana ce a wuyanka. Shi ya sa nake ɗaukar irin kwantiragin a matsayin rabin albashi.

Nawa za ka nema

Ba zan yanka maka lamba ɗaya ba, don kowane kamfani da yarjejeniyarsa ta cikin gida, kuma tana canjawa. Aikina a ɗakunan maganin kamfanoni na yi shi, fassarar kwantiragi ta fuskar shari'a kuwa aikin sufeton ƙwadago ne, kuma ofishinsa yana nan cikin Tawa, ba a biyan ko dala don a duba maka takarda. Ka kai masa kafin ka sa hannu, ya gaya maka rukuninka da ƙasan albashinsa. Bayan haka ka nemi wakilin ma'aikata na kamfanin, ka kuma tambayi ma'aikatan jinya biyu ko uku da ke aiki a fanni ɗaya, ba a jiha ɗaya ba. Na kamfanin mai ka gwada shi da na kamfanin mai, na banki da na banki. Mutanenmu ba sa son faɗin albashinsu, amma in ka ce "an ba ni kaza, ya yi ko bai yi ba?" za su amsa maka.

A wurin ciniki, ka fi matsawa a kan tushen albashi da rukuni fiye da jimilla. In sun ƙi motsa lamba, ka nemi abin da ba ya yi musu nauyi amma yana yi maka amfani: inshorar magani ga matarka da yara, kuɗin mota zuwa Tawa, biyan daren jiran kira, da horo. Horon nan shi ke ɗaga farashin mutum a fanninmu. Wanda ya iya awon ji da awon numfashi, ya iya koyar da agajin gaggawa ga ma'aikata, ya iya haɗa rahoton wata a kwamfuta, ba ya tsayawa a layi ɗaya da sabon fitowa. Kamfanonin mai da na ma'adinai suna daraja mai ɗan Turancin Ingilishi. Manyan kwasa-kwasan lafiyar ma'aikata na Kwatano da Dakar sun fi karkata ga likitoci, amma sashen rigakafin haɗari na CNSS yana shirya tarurruka da horo, musamman wajen 28 da 30 ga Afrilu, ranakun tsaro da lafiya a wurin aiki na duniya da na Afirka. Ka riƙa zuwa, a can ake sanin juna, a can kuma ake jin gurbin da zai buɗe kafin a lika shi a allo.

Da ni ne a matsayinka, da mata da yara biyu, kuma ina son in daɗe a wannan fanni, zan karkata ga Yamai, da sharaɗi biyu: kamfanin da kansa ne ke ɗauka, kuma bayan gwaji kwantiragin ya zama marar wa'adi. Zan bar iyali a Tawa watannin farko har in ga ƙasa. Kuɗin zai matse ka a shekarar farko, amma za ka fito da rajista mai tafiya, da likitan da za ka koya a hannunsa, da sunan kamfani a takardarka wanda zai buɗe maka ƙofar manyan kamfanonin arewa da gabas kai tsaye, ba ta hannun ɗan kwangila ba. Na arewa zan karɓe shi ne kawai in sun rubuta abu huɗu a takarda mai sa hannu da hatimi: lambar CNSS da albashin da za su bayyana, tsarin karɓa-karɓa da biyan hutunsa, wanda ke ɗaukar nauyin fitar da ni in ni ne na kwanta, da ranar biya a kowane wata. In sun rubuta, kuma ka tabbatar aikin zai haura shekara, ka tafi da niyyar tara jari, ka ware rabin kuɗin tun watan farko don watannin da za su biyo bayan rufe shantiye. In suka ce "ka zo tukuna, za mu daidaita a can", kada ka hau motar Agadas, kuma kada ka ajiye aikin CSI sai ɗaya daga cikin takardun biyu ta shigo hannunka da sa hannu.